Makunnin Ƙarƙashin Kujera

Tunda na dawo daga Maraɗi 'yan majalisarmu ta bakin tashar Gwarzo ba su bar ni na sha iska ba. Duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Malam Sani, yaya mutanen Faransa?" Wani ya tambayi kilishinsa, wani ya ce wai da gaske ne jandarma ba ya dariya. Ni kuwa sai in ce lafiya lau, in jawo wata maganar. Ba rowar labari nake yi ba. Abin ne idan na ɗauko shi da baki sai ya ƙi faɗuwa. Shi ya sa na ga gara in rubuta, kowa ya karanta, a ƙyale ni haka.

Ba yawo ne ya kai ni ba. Wana Auwalu, wanda duk gidanmu muke kira Yaya, shi ya rasu a can. Direba ne, yana da tsohuwar mota mai dogon baya, duk bayan mako biyu yakan kwashi 'yan kasuwa uku ko huɗu su je saro yadi. Wata Juma'a, ana sallame salla ya ce kansa na juyawa, ya jingina da bangon masallaci. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. A can aka yi masa sutura. Mu sai waya muka samu.

Mahaifiyarmu, Inna, tana gidanmu na Unguwar Tudu ta Gwarzo, shekara shida ke nan da idonta ya tafi. 'Yar Fulanin Getso ce, irin masu kunyar nan ta da, Yaya kuma shi ne ɗanta na fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Sai dai ta ce "wancan", da ya sayi mota kuma ya koma "mai motar". Ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta yabonsa ko a bayan idonsa. Har aka share zaman makoki babu wanda ya ga hawayenta. Bayan an yi bakwai ta sa aka kira ni.

"Za ka je ka ɗauko motar?"

"Zan je, Inna."

"To, ka kawo ta yadda ya bar ta."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Na ɗauka tana nufin kada in sayar, kada kuma in buga ta da wani abu a hanya. Bari in faɗi gaskiya a kaina tun yanzu. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Kano. Gida sai wata-wata, in ajiye leda, in gaisa, kafin la'asar na kama hanya. Kuma tun da can ina raina motar Yaya. Kullum ina tsokanarsa cewa waya da roba ne suke riƙe da ita, shi kuwa ya yi dariya ya ce ai tana kai shi tana dawo da shi.

Na tashi da sassafe ranar Talata. Daga Gwarzo zuwa Dayi mu biyu aka cusa a gidan gaba, ni da wani dillalin awaki mai faɗin kafaɗa, wanda ya yi barci a kaina tun kafin mu fita gari. A Dayi na sake mota, muka bi ta Yashe muka hau titin Katsina. Wata tsohuwa a bayana tana riƙe da kwandon daddawa, direba ya rantse gilashi ba ya sauka, don haka har yau jakata ba ta daina wari ba. A Katsina na shiga ta Jibiya. Wannan direban ya dube ni ta madubi sau uku, sannan ya ce, "Kai ƙanin Auwalun Gwarzo ne?" Na ce e. Ya kashe waƙar da yake ji, bai sake kunnawa ba har muka isa iyaka. A nan na fara jin nauyin tafiyar.

A iyaka ban sha wahalar da ake ba mu labari ba, sai dai jira. Namu suka duba katina suna hira da juna. Na ƙetare, wani jandarma dogo ya juya katin gaba da baya, ya tambayi abin da ya kawo ni. Na gaya masa. Ya miƙo min abina ya ce, "Allah shi jiƙan shi." To ku da kuke tambaya, ban ga dariyarsa ba, amma na ga tausayinsa.

Mai masaukin Yaya a Maraɗi shi ne Alhaji Isufu, mai shagon yadi, dattijo siriri mai farin gemu. Shekara goma sha ɗaya Yaya yana sauka a gidansa. Ko ruwa ban gama sha ba ya ce mu je in ga inda aka ajiye shi. Ƙasarsu rairayi ce fara, ba irin jar ƙasarmu mai danƙo ba, kabarin har ya fara lafawa. Na tsuguna na yi addu'a. Abin da ya fi ci min rai shi ne wana, mutumin da kowa ya sani daga Kara har Kabo, yana kwance a tsakiyar mutanen da bai san ko ɗaya ba. Na yi kuka sosai, Alhaji ya juya baya ya ba ni wuri.

Mutanen Maraɗi mutanen kirki ne, sai dai komai nasu daban. Da rana tsaka gari yakan yi tsit, a rufe shaguna a je a kwanta, abin da ɗan kasuwar Kano zai ce hauka ne. Burodinsu dogo kamar sanda, idan ka yi wasa ya yanke maka dasashi. Shayi kuma a ɗan mitsitsin kofi, sau uku, na fari ɗaci kamar magani. Furarsu kam, ba ni da abin kushewa. Hausa ɗaya muke yi, amma wutar lantarki su kuran suke ce mata, mukulli kuma kile. A ɗakin da ke jikin zaure aka sauke ni, inda Yaya yake kwana. Hularsa tana rataye a ƙusa.

Da la'asar Alhaji ya kai ni bayan gida inda motar take, ya miƙo min mukulli. Na shiga, na murɗa. Shiru. Ko fitilar gaban sitiyari ba ta kawo ba. Na buɗe bonet, na girgiza kan batir, na sake murɗawa. Shiru. Na ce shi ke nan, batir ya mutu.

Alhaji ya ce, "Anya kuwa? Marigayi dai kullum kahin shi tada ta sai ya duƙa ya sa hannu ƙarƙashin waccan kujera. Mu mun ɗauka laya ya aje nan, shi ya sa ba mu taɓa tambaya ba."

Na zagaya kujerar mai zaman banza, na durƙusa na leƙa. Ga wani abu nan kamar laya, an ɗinke shi da jar fata, har ta yi baƙi don shafa. Na taɓa, na ji yana juyawa. Ashe makunni ne na yanke batir, irin wanda idan ka murɗa shi wuta ta ɗauke daga motar gaba ɗaya. Baduku aka sa ya yi wa hannunsa riga. Ina murɗawa rediyo ta fashe da ƙara, alhali mukulli yana aljihuna. Rediyon ba ta motar ba ce ta asali, sabuwa ce ya saka, da sifiku manya har huɗu. Na ji kunya, ga shi gidan mutane, ga shi ta'aziyya na zo karɓa. Na yi sauri na rage muryar har ƙasa. Na tada motar ta tashi, na kashe, na rufe ƙofa, na tafi masallaci. Makunnin kuwa na bar shi a kunne.

Washegari na shirya, na yi sallama da mutanen gida, na murɗa mukulli. Ta yi wani ɗan gurnani ta yi shiru. Rediyon da na rage wa murya ashe ba ta mutu ba, kwana ta yi tana shan batir. Sai da maƙwabtan Alhaji huɗu suka tura ni a cikin rairayi, ni da babbar rigata ina gumi a kan sitiyari. Raina ya ɓaci ƙwarai. Kuma Allah ya gafarta min, da mamaci nake fushi. A zuciyata ina cewa, Yaya, har ka mutu ba ka daina aikin a ɗaura a tafi ba.

Maimakon in kama hanya, sai na ce a nuna min gareji. Mai gyaran ya zaro rediyon, ya baje wayoyin bayanta a tafin hannunsa, ya yi tsaki.

"Wane ne ya yi wanga aiki? Duba nan. Rediyo waya biyu gare ta na kuran. Rawayar ita ka zuwa batir, don ta riƙe tashoshi. Jar kuwa wajen kile ya kamata ta tahi, in ka kashe mota rediyo ta mutu. Shi ya ɗauke ta daga kile ya kai ma wancan abu na ƙarƙashin kujera. In ka mance ba ka murɗa ba, batir ya tahi."

Na ce, "Ai ni malamin kimiyya ne, tun jiya na gane shirme aka yi."

"Kuma wa ka sa wanga abu wajen fasinja? Wajen direba a ka sa shi."

"Cire shi gaba ɗaya. Mayar da komai yadda masu motar suka yi ta."

Ya cire kan batir, ya yanke jar wayar ya kai ta mukulli, ya kwance makunnin, ya haɗe manyan wayoyin biyu ya naɗe da salatif. Aikinsa tsaf, ba ni da abin zargi. Da ya gama ya ɗaga makunnin da fatarsa ya ce, "Kana so?" Na ce me zan yi da shi. Ya wurga shi cikin tarin ƙarafa. Maganar Inna ba ta ko faɗo min a rai ba. Ni a ganina alheri na yi wa gida.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. A iyaka an tsayar da ni saboda takardun mota da sunan Yaya suke, sai da na nuna takardar asibiti da wasiƙar da Alhaji ya rubuta min. Na ci shinkafa da wake a Kankiya. Duk inda na tsaya, murɗawa ɗaya take tashi, ni kuma ina jin kaina. Har na tsara yadda zan gaya wa 'yan majalisa cewa sai da na je Maraɗi aka raba motar nan da ciwonta.

Na shigo Unguwar Tudu ana fitowa daga sallar la'asar. Na ajiye motar a ƙarƙashin darbejiyar cikin gida, inda tayoyinta suka riga suka yi gurbi. Na gaida Inna, na ba ta labarin kabari da na Alhaji Isufu. Ta ce Allah ya saka masa. Sannan ta laluba sandarta ta miƙe. Ban taɓa ganin ta tafi wani wuri babu ja-gora da irin wannan saurin ba. Ta bi bango, ta kai bishiyar, ta shafa jikin motar har ta sami ƙofar gaba. Ta buɗe, ta zauna, ta gyara mayafinta. Sai ta sauke hannun dama ƙasan kujera.

Ina tsaye ina kallo. Yatsunta suka shiga ramin da aka cire makunnin. Ta laluba gaba, ta laluba baya. Ta sake dawowa ramin. Ta daɗe a haka. Daga nan ta ɗauke hannunta ta ɗora a cinya, ta ce, "Sannu da hanya. Ka je ka ci abinci." Ta fito ta koma ɗaki.

Na rasa inda zan sa kaina. Hajara matar Yaya tana takaba, don haka daga bakin ƙofarta na tsaya na tambaye ta ta bayan labule. Ta ce, "Ai rediyon Inna ce. Kunnenta ya yi nauyi, ta hannu ba ta jin ta. Idan yana gari kullum a nan take wuni. Ka je Kabo wajen Malam Garba mai wayarin, shi ya haɗa."

Tsakanin Gwarzo da Kabo ba tafiya ba ce, amma wallahi ta fi min ta Maraɗi tsawo. Washegari na sami Malam Garba a rumfarsa ta bakin titi, mutum mai furfura da tabarau ɗaure da zare. Yana hango motar ya ajiye abin da ke hannunsa. Muka gaisa, ya yi min ta'aziyya, ya tambayi Inna da yara da mai takaba. Sannan ya buɗe ƙofar gaba ya leƙa ƙasan kujera, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Wa ya taɓa min aiki?"

Na ce ni ne na sa. Na fara yi masa bayanin jar waya da mukulli. Ya ɗaga hannu.

"Malam, shekara talatin ina wannan sana'a, ka ɗauka ban san inda jar waya take zuwa ba? Ni ma da ya zo sai da muka yi musu. Na ce masa Auwalu, wannan ba ƙa'ida ba ce. Ya ce shi ba ƙa'ida ya zo saya ba. Ya ce tsohuwarsa ba ta gani, ba za ta iya lalubar ramin mukulli ba, ba za ta iya da waɗannan ƙananan maɓallan ba. Kuma in ya tafi gona ko kasuwa ba ya so ta jira kowa. Abu ɗaya yake so, ta murɗa ta ji magana, ta murɗa a yi shiru, batir kuma ya huta."

Ya zauna a kan benci, ya ci gaba. "Ka san yadda muka sami wurin? Shi ya zauna a kujerar nan, ya runtse ido, ya ɗan tanƙwashe hannu wai nata bai kai nasa tsawo ba, yana lalube. Sau uku ina hudawa yana cewa a matsa. Bayan mako ya dawo ya ce ƙarfen yana cin yatsunta, sanyin ƙashi gare ta. Ya kai wa baduku a kasuwar Getso."

Malam Garba bai ƙara min da faɗa ba, ya dai tashi ya shiga aiki. Ya ɗauko sabon makunni mai jan hannun roba, ya kwance salatif ɗin Maraɗi, ya raba manyan wayoyin ya ɗaura kowace a ƙafarta. Ya mayar da jar wayar bayan makunnin. Rawayar ya ja ta kai tsaye zuwa batir, ya sa mata ɗan fiyus, don ko an yanke wuta rediyo ta tuna tashar da aka bar ta. Bai huda sabon rami ba, a tsohon ya zaunar da shi.

"Wuri dai ya koma wurinsa," in ji shi. "Amma tashoshin da ya ajiye mata sun goge tun ranar da aka cire batir. Wannan sai kai."

Na yi tunanin in biya Getso in sa a ɗinka wata fatar, in yi shiru da bakina. Har na rage gudu a mararraba. Sai na ga wanda ya yi shekaru yana shafa abu ba za a ruɗe shi da sabo ba, kuma ƙarya a kan wannan ta fi ƙarfina. Na kira Alhaji Isufu na roƙe shi ya je garejin ya duba. Ya kira ni kafin in kai gida, ya ce masu sayen ƙarafa sun riga sun kwashe.

Na ajiye motar a gurbinta, na je na ce, "Inna, an gyara." Ta taso kamar jiya, ta bi bango, ta shiga ta zauna. Ni kuma na zagaya na zauna a kujerar direba, na bar ƙofa a buɗe, ƙafata ɗaya a waje. Ta sauke hannu. Wannan karon ta samu. Ta shafa robar da babban yatsa.

"Ina fatar?"

"Na bar ta a Maraɗi, Inna. Ni na sa aka cire, ban sani ba. Na sa an nema, ba a samu ba. Ki yafe min."

Ta murɗa. Sifikun nan huɗu suka ɗauki shuuu, babu magana. Na kai hannu zan nemo tasha, sai na tsaya. Shekarata arba'in da ɗaya, ina koya wa 'ya'yan mutane yadda murya take tafiya a iska, amma ban san tashar da mahaifiyata take saurara ba. Na fara juyawa a hankali. Waƙa ta fito, ta ce, "Wuce." Masu musun ƙwallo, "Wuce." Wani yana tallar magani, "Wuce." Sai muka faɗa kan wata mata mai sanyin murya tana karanta gaishe-gaishe da sanarwar rasuwa, ƙauye bayan ƙauye.

"Tsaya nan."

Na danna na ajiye mata ita. Ta jingina, fuskarta tana kallon gaba, hannayenta a cinya. Na ga aikina ya ƙare, kuma zaman ya yi min nauyi, ga Kano tana jirana. Na yunƙura zan fita.

"Zauna," in ji ta, ba ta juyo ba. "Auwalu yakan zauna har a gama."

Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar. Hawaye suna bin kuncinta, ba ta share ba, ba ta kuma ɓoye ba. Na mayar da ƙafata ciki, na ja ƙofar.